Ɗan A-Rage-Mini-Hanya

Dutse Madam Morenike ta saya, dutse kaɗai.
Rasit na nan a aljihuna: kilo shida, daga wani shago a Ikeja.
Babu sunanka a ciki.
Na jera shi a tankin gilashi,
na kunna famfo, ruwan gishiri ya kama zagaye.

Sai a dare na sha ɗaya,
wuta ta ɗauke, ban kai ga janareta ba,
na haska tocila in ƙirga kifaye,
sai ga ka a ƙarƙashin dutse, ka baje,
faɗinka bai kai murfin kwalba ba,
yatsu garai-garai, kamar ruwa ne ya tsiro gashi,
kowane yatsa da ɗan ƙwallo ruwan goro a kai.
Na ce, kai kuma wa ya biya maka kuɗin mota?

Da safe ka dunƙule, ka koma ƙurji a jikin dutse.
Madam ta sa tabarau, ta sunkuya,
ta ce animoni ne mai ƙwallo,
ɗan maƙale wa kaya, mai harbin murjani in sun haɗa kafaɗa.
"Haladu, cire shi kafin Asabar."
Na ce to.
Irin to ɗin da ba ya wuce leɓe.

Ai ni ma haka na shigo Legas,
bisa buhunan albasa daga Aliero,
kwana biyu ina damƙe da igiya.
Direba ya ce in mun iso shinge, in kwanta, in zama buhu.
A Mil Sha Biyu aka sauke ni tare da kaya,
ba ni a takardar kowa.
Shekara tara ke nan,
har yau in ruwan sama ya jiƙa rigata, warin nan nake ji.

Don haka murjanin na gusar, taƙi ɗaya,
kai na bar ka a lungunka.
Na gane ba ka son haske,
ba ka son ruwa ya riƙa bugun fuskarka.
Talata da Juma'a, bayan an kashe fitila,
nakan tsinko jatan lande, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
in miƙa da hantsaki.
Yatsa ɗaya ya kama, sauran su rufu a hankali,
kamar tsohuwa na ƙulle kuɗi a bakin zane.

Ruwa ke tashi, gishiri ba ya tashi,
shi ya sa kullum nake ciko da ruwan daɗi har zuwa layin biro.
In zafin Lekki ya yi zafi, in jefa gorar ƙanƙara.
In inji ya ƙi tashi, in tsaya da kofi,
ina ɗiba ina zubawa, har kafaɗa ta gaji.

Ban ce kai waliyyi ba ne.
Na ga yadda kake miƙewa in ƙaramin kifin nan ya gitta.
Ina kallonka.

Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce.
Wani dare cunkoson gada ya riƙe Madam har ƙarfe sha ɗaya,
ta tarar da ni a tsugune, tocila a hannu.
Ba ta cire takalmi ba, ta durƙusa gefena.
Mun daɗe. Famfo kaɗai ke magana.
Can ta ce, "Ba ɗaya ba ne da?"
Na duba da kyau. Biyu.

Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa,
ta ce, "In kifina ya ɓata, a albashinka."
Ta hau sama.

To ka ji sharaɗin haya.
Amma kai ma ka yi gaggawa, ɗan'uwa.
Ni sai da na shekara huɗu a garin nan
kafin na aika wa ƙanena Tanimu ya taho.